Gane Mota ta Fitilunta: Misalin Toyota Camry a Arewacin Ghana

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tasha da magariba ya san cewa fitilun mota ake fara hange kafin jikinta. Direbobi da makanikai da yaran mota sukan faɗi ƙirar mota, har da zamanin da aka yi ta, tun tana can nesa, ta hanyar duban siffar fitilunta kawai. Wannan takarda za ta yi bayani a kan yadda fitilun gaba da na baya suka yi ta sauya kama a jikin ƙaramar motar iyali guda ɗaya, wato Toyota Camry, daga 1991 zuwa yau. Za a duba dalilan da suka kawo sauyin, da kuma amfanin saninsa ga mai mota a garuruwan Salaga da Yendi da Bawku na ƙasar Ghana. Daga nan sai a waiwayi kalmomin da Hausa ke amfani da su a wannan fage, domin ɗalibi ya ga yadda harshe ke karɓar baƙon abu ya raɗa masa suna.

2.0 Garuruwan Uku da Hanyar da Mota ke Biyowa

Salaga tsohuwar kasuwar goro ce, wadda fataken Hausa suka yi ta zuwa a ƙarni na 19, har yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa da yawa daga cikin mazaunanta. A yau tana cikin yankin Savannah da aka ƙirƙiro a 2019. Yendi kuwa ita ce mazaunin Ya-Na, sarkin Dagomba, tana gabas da Tamale da kusan kilomita 100. Bawku tana can kusurwar arewa maso gabas, kusa da iyakar Burkina Faso da Togo. A zangunan garuruwan nan uku ana jin Hausa, kuma da ita ake ciniki mai yawa a kasuwa da tasha.

Yawancin ƙananan motocin da ke kai wa waɗannan garuruwa na hannu ne, waɗanda aka riga aka yi amfani da su a Amurka ko Turai ko Asiya, aka sauke su a tashar jiragen ruwa ta Tema. Kayan gyaransu kuma daga kudu suke fitowa, musamman daga Suame Magazine a Kumasi da Abossey Okai a Accra. Daga Kumasi zuwa Bawku tafiyar fiye da kilomita 600 ce. Ke nan wanda fitilarsa ta fashe a Bawku, ya yi saƙon wata daga Kumasi, cinikin biri a sama ya yi. In bai kwatanta ta daidai ba, za a aiko masa da wadda ba ta shiga gurbinta, ya yi asarar kuɗin kaya da na dako, motar kuma ta ci gaba da zama a gareji. Wannan shi ne dalilin da ya sa sanin bambancin fitilu ya wuce batun ado.

3.0 Abubuwan da ke Sauya Siffar Fitila

Abubuwa uku ne ke sa fitilar mota ta sauya kama: fasaha, da doka, da kasuwa.

Ta fuskar fasaha, tsohuwar fitila gilashi ce mai zane-zane a jikinsa, kuma zanen ne ke karkatar da haske zuwa kan hanya. A 1962 aka fara sa ƙwan halojin a motocin Turai, wanda ya fi na da haske. Daga baya masu ƙira suka mayar da aikin karkatar da haske ga madubin da ke bayan ƙwan, sai murfin ya zama garau babu zane, aka kuma koma yin sa da roba mai tauri maimakon gilashi. Roba tana karɓar kowace irin siffa, shi ya sa fitilu suka fara lanƙwasa suna bin gefen mota. A 1991 kamfanin BMW ya fito da fitilar zenon mai farin haske, a 2007 kuma Lexus ta sa ƙananan ƙwayayen LED a fitilar gaba. Da yake waɗannan ƙwayaye ba su cin wuri, sai fitilu suka riƙa sirancewa.

Ta fuskar doka, kowace ƙasa da ƙa'idarta. Daga 1940 har zuwa 1983 dokar Amurka ta tilasta a yi amfani da fitila rufaffiya, wadda ƙwai da madubi da gilashi duk a haɗe suke, in ta mutu sai a jefar da ita gaba ɗaya. Da farko zagayayya kawai aka yarda da ita, sai a 1974 aka halatta mai kusurwa huɗu. Misalin da manyanmu za su fi tunawa shi ne Fijo 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka kuma yi ta harhaɗa ta a Kaduna tun daga shekarun 1970. Ta Turai da ta Afirka fitilunta biyu ne masu faɗi, masu ɗan karkata, har aka riƙa kwatanta su da idanun 'yar wasan nan Sophia Loren. Amma wadda aka kai Amurka, zagayayyun fitilu huɗu aka sa mata. Mota ɗaya ce, doka ta ba ta fuska biyu. Haka kuma Amurka ta yarda siginar baya ta zama ja, alhali a Turai dole ta zama ruwan goro. Tun daga motocin 1986 kuma Amurka ta wajabta fitilar birki ta uku, wadda ake gani a tsakiyar gilashin baya ko a kan but.

Ta fuskar kasuwa, kamfani yakan sake mota ɗungurungum ne bayan shekara biyar ko shida. A tsakanin haka, bayan kamar shekara uku, sai ya yi mata ɗan kwaskwarima don kada masu saye su gaji da ita. Sake ƙofofi da rufi yana da tsada ƙwarai, domin sai an sake injinan da ke buga ƙarfen. Fitila da bamba kuwa roba ce, sake su bai kai haka tsada ba. Saboda haka a fitila ake fara ganin bambanci tsakanin 'ya'yan ɗaki ɗaya.

4.0 Zubin Camry Daki-daki

Sunan Camry ya samo asali ne daga kalmar Japananci kanmuri, wadda ke nufin kambin sarauta. Motar ta fara fitowa da sunanta ita kaɗai a 1982, kuma tun 1988 ake ƙera ta a garin Georgetown na jihar Kentucky a Amurka. Shekarun da za a ambata a ƙasa na kasuwar Amurka ne, domin daga can da yawa suke zuwa Afirka ta Yamma. A lura cewa shekarar ƙira takan riga ta kalanda: motar da ake kira ta 2000 tun a 1999 ta shiga kasuwa.

4.1 Zubin 1992 zuwa 1996

Wannan ita ce Camry ta farko mai faɗin jiki da kumburi, wadda ta fara fitowa a 1991. Fitilun gabanta dogaye ne a kwance, masu zagayayyen gefe. A baya, daga 1992 zuwa 1994, akwai faifan roba, ja ko baƙi, da ya haɗa danjar hagu da ta dama, har suka zama kamar ɗamara ɗaya. A 1995 aka mayar da wannan faifai launin jikin motar, sai danjojin suka rabu. A kasuwannin Nijeriya ana kiran wannan zubi Orobo, wato mai ƙiba.

4.2 Zubin 1997 zuwa 2001

A nan ne aka fi samun ruɗani. Daga 1997 zuwa 1999 danjar baya siririya ce miƙaƙƙiya, shi ya sa dillalan Nijeriya suka raɗa mata Tiny Light ko Pencil Light, wato mai 'yar ƙaramar fitila ko mai fitila kamar fensir. A 2000 da 2001 aka ƙara wa danjar girma, aka faɗaɗa fitilun gaba, aka sa musu ƙwai huɗu a madadin biyu. Wanda ya dubi motocin biyu ta gefe zai rantse ɗaya ne, amma fitilar wannan ba ta zama a gurbin waccan. Kama da wane ba ta wane.

4.3 Zubin 2002 zuwa 2006

Motar ta ƙara tsayi da girma, fitilun gaba suka zama manya, suka ja da baya suna hawa gefen bonet. Murfinsu garau yake, ana hango madubin ciki. Girman jikin ne ya jawo mata laƙabin Big Daddy a Nijeriya, masu zolaya kuma suka ce Big for Nothing, wato girman banza. A 2005 an sake tsarin fitilun gaba da na baya, ba tare da an taɓa ƙofofi ko rufi ba.

4.4 Zubin 2007 zuwa 2011

Wannan ce ake kira Muscle saboda murɗewar jikinta. A cikin fitilar gabanta akwai wani dunƙulallen gilashi kamar ƙwayar ido, wanda ke tattara haske ya jefa shi gaba. Danjar baya kashi biyu ce, rabi a jikin mota, rabi a murfin but. A 2010 aka sake bamba, aka kuma sa wa danjar ƙwayayen LED, ta yadda in an taka birki sai a ga ɗige-ɗigen haske maimakon ja guda ɗaya. Wani abin lura shi ne, a wannan zamani Toyota ta yi wa kasuwannin Asiya kamar Tailan da Sin wata Camry mai fuska da baya daban. Don haka faɗin shekara kaɗai bai wadatar ba, sai an faɗi ƙasar da motar ta fito.

4.5 Daga 2012 zuwa Yau

Zubin 2012 ya zo da fitilu masu kaifin kusurwa. A 2015 aka yi masa kwaskwarimar da ta wuce ta al'ada, domin in ban da rufi kusan duk fatar jikin aka sake. Zubin 2018, wanda aka fara nunawa a Detroit a watan Janairun 2017, ya zo da fitilun gaba na LED sirara. Wanda ya biyo shi an nuna shi a Nuwamban 2023, ya shiga kasuwa a 2024, kuma a Amurka duk mai haɗa fetur da lantarki ne. Idan aka jera su duka, za a ga fitilar gaba ta tashi daga matsakaiciya, ta kumbura a farkon shekarun 2000, sannan ta koma tana sirancewa.

5.0 Abin da Ya Shafi Mai Mota

Akwai matsaloli uku da sanin fitila ke kare mutum daga gare su.

Ta farko ita ce ta shekarar mota. Tun da fitila da bamba ne suka fi bambanta ta 2007 da ta 2010, wasu sukan cire na tsohuwar su ɗaura na sabuwar. In mai ita ya yi haka don sha'awarsa, babu laifi. Laifin yana zuwa ne in an sayar da ita da sunan ta 2010. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a nan idon ma ana iya ruɗa shi. Abin dogara shi ne lambar casis, mai harufa da alƙaluma 17, wadda ake gani a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba. A motocin da aka yi don Amurka, na goma a jerin shi ke nuna shekara: V na nufin 1997, W 1998, X 1999, Y 2000, daga nan 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, A kuma 2010, B 2011, C 2012. Wanda ya ga danjar LED ta 2010 a jikin mota, ya kuma ga 7 a gurbi na goma, ya san an yi mata sauyin riga.

Ta biyu ita ce ta hannun tuƙi. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, Ghana kuma ranar 4 ga Agustan 1974. Fitilar da aka yi don irin wannan hanya tana sunkuyar da haske ta hagu don kada ta kashe wa mai tahowa ido, tana kuma haska gefen dama inda masu tafiya a ƙasa da masu keke da dabbobi suke. Wadda aka yi don Japan ko Ingila, inda ake bin hagu, akasin haka take. Tana iya shiga gurbi daram, amma da dare sai ta riƙa dalle masu tahowa, ta bar gefen hanya cikin duhu. A hanyar Tamale zuwa Yendi, ko ta Bolgatanga zuwa Bawku, inda babura suka yi yawa, wannan batu ne na rai.

Ta uku ita ce ta tsada da ƙarko. Zafin rana da ƙurar hunturu suna cinye murfin roba, ya yi rawaya-rawaya, haske ya dushe. Ana iya goge shi ya yi sauƙi na wani lokaci. Sannan a tsohon zubi, in ƙwai ya mutu, ƙwan kaɗai ake saya. A sabon zubi mai LED kuwa, sau da yawa sai an sayi fitilar sukutum. Mai shirin sayen mota a garin da ke nesa da Kumasi ya kamata ya sa wannan a lissafinsa.

6.0 Kalmomin Fitila a Hausa

Hausa ta bi hanyoyi uku wajen samar da kalmomin wannan fage.

Hanya ta farko ita ce aro. Kalmar fitila daga Larabci take, inda asalinta ke nufin lagwani. Ta shigo tun zamanin aci-bal-bal, ta zarce zuwa fitilar ƙwai, yau ga ta a goshin mota. Mota da sigina da bamba da birki da bonet daga Ingilishi suke. Danja ma haka, sai dai a Ingilishi haɗari take nufi, Hausa kuwa ta ba jar fitilar bayan mota da fitilar ba da hannu ta kan titi wannan suna, saboda jan launi shi ne alamar haɗari.

Hanya ta biyu ita ce faɗaɗa ma'anar kalmar gida. Ƙwai na kaza ne, amma siffarsa ta sa aka ce ƙwan fitila. Wuta ta murhu ce, amma ana cewa motar ba ta da wuta. Haka kuma ana ara wa mota sassan jikin mutum, a ce fuskarta ko idonta, har a ce mota mai ido ɗaya in fitilarta guda ta mutu.

Hanya ta uku ita ce siffantawa da mai ko maras, kamar a waɗannan misalai:

(1) Camry mai siririyar danja
(2) Camry mai babbar danja
(3) mota maras sigina

Ga kuma amsa-kama, wadda ke ƙara wa bayani armashi:

(4) Danjar ta yi ja wur.
(5) Hanya ta yi haske tar.
(6) Fitilar ta zauna daram.

Ɗalibi ya lura da ɗafi a nan. A daidaitacciyar Hausa fitila da danja da mota duk jinsin mace ne, don haka ake cewa fitilar gaba, danjar baya, motar Alhaji. Ƙwai da ido na namiji ne: ƙwan fitila, idon mota. Jam'i kuma -n yake ɗauka: fitilun gaba. A Hausar zangunan Ghana bambancin jinsi ya ɓace a bakin masu magana da yawa, sai a ji fitilan gaba da motan Alhaji, a kuma ce wa mota shi. Ana jin irin wannan a Zazzaganci da Bausanci ma. Bugu da ƙari, a Hausar Ghana sautukan ƙ da ɓ da ɗ sukan koma k da b da d, ta yadda ƙwai zai fito kamar kwai. Wannan siffar karin harshe ce, kuma ba ta hana ciniki faɗawa.

A ce yaron makanike ne a Yendi ya kira wani mai sayar da kayan gyara a Kumasi. Ga yadda zancen zai iya kasancewa a daidaitacciyar Hausa:

Yaro: Salamu alaikum, Alhaji. Maigidana ne ya ce in kira ka, muna neman danjar Camry.
Alhaji: Wa alaikumus salamu. Wace Camry, ɗana? Ai suna da yawa.
Yaro: Mai motar ya ce ta 2000 ce.
Alhaji: Bar ta mai mota. Kai da ka gan ta, danjar siririya ce ko babba?
Yaro: Siririya ce, Alhaji.
Alhaji: To, ba ta kai 2000 ba. Ta hagu ko ta dama? Ta jiki ko ta but?
Yaro: Ta dama, ta jiki.
Alhaji: Madalla. Ka duba lamba ta goma a casis ka faɗa mini, ka kuma turo hoton ta hagun. Gani ya kori ji.

A wannan 'yar hira, tambayoyi huɗu ne suka fitar da kayan: siffa, da ɓangare, da mazauni, da lamba. Shekarar da mai mota ya faɗa ita ce ta zo ƙarshe a daraja.

7.0 Kammalawa

An ga yadda fasaha da doka da kasuwa suka haɗu suka yi ta sauya fitilun Camry, da yadda sauyin ke taɓa aljihu da lafiyar mai mota a Salaga da Yendi da Bawku. An kuma ga cewa Hausa ta yi aro, ta faɗaɗa ma'ana, ta siffanta, har ta wadatu da kalmomin wannan sana'a. Aikin da ya rage na ɗalibi ne. Ya je garejin da ya fi kusa da shi, ya gaida maigidan wurin, ya nemi izini, ya rubuta sunaye goma na sassan gaban mota da bayanta kamar yadda ya ji su daga bakin masu aikin. Sannan ya raba su gida uku bisa hanyoyin da aka bayyana a sashe na 6.0, ya nuna jinsin kowace kalma da ɗafin da take ɗauka, ya kawo a darasi na gaba.